Kira Ga Iyaye: Kada Sunan Kennedy Ya Hana 'Ya'yanmu Rigakafi

Jama'a, iyaye maza da mata, malamai, masu unguwanni da ungozomomi, ina kiran hankalinku kan wani mutum da ke can Amurka. Yawancinmu ba za mu taɓa haɗa ido da shi ba, amma abin da ya sa wa hannu a ofishinsa zai iya isowa har ɗakin rigakafin da ke bayan gidajenmu. Sunansa Robert F. Kennedy ƙarami. Lauya ne, kuma ɗan babban gidan siyasa: baffansa John Kennedy shi ne shugaban Amurka da aka harbe a 1963, mahaifinsa kuma sanata ne da aka harbe a 1968. Gabanin zaɓen 2024 ya fice daga jam'iyyar Democrat ya tsaya takarar shugaban ƙasa da ƙafarsa, har ya kafa wata 'yar ƙaramar jam'iyya mai suna We the People domin sunansa ya samu shiga takardar ƙuri'a a wasu jihohi. Da ya ga ba za ta kai shi ba, sai ya janye a watan Agusta ya mara wa Donald Trump baya. A Fabrairun 2025 aka tabbatar da shi ministan lafiyar Amurka. Mutumin da ya shafe kusan shekara ashirin yana cusa wa mutane shakkar allurar rigakafi, shi aka damƙa wa lafiyar ƙasar.

Zan fara da ba shi haƙƙinsa, domin yana da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1980 ya shiga aiki da masuntan kogin Hudson da ke jihar New York, kogin da masana'antu suka mayar da shi juji. Kamfanin General Electric kaɗai ya zubar da kusan tan 600 na wani sinadari mai guba da ake kira PCB cikin kogin tsakanin 1947 da 1977, har hukuma ta gargaɗi mutane kan cin kifinsa. Kennedy da abokan aikinsa na ƙungiyar Riverkeeper suka riƙa bin bututun da ke amayo dagwalo, suna ɗibar ruwa a kwalba, suna kai shi ɗakin gwaji, suna maka kamfanoni da hukumomin birane a kotu. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka cimma yarjejeniyar 1997 ta kare madatsun da birnin New York ke shan ruwa daga gare su. A 2001 ya yi kwana 30 a kurkuku saboda ya shiga zanga-zangar hana sojojin ruwan Amurka gwajin bama-bamai a tsibirin Vieques, inda talakawa ke zaune. A 2018 yana cikin lauyoyin wani mai kula da filin makaranta a Kalifoniya da ya kamu da kansa, ya kai ƙarar kamfanin Monsanto kan maganin ciyawar nan Roundup. Kotu ta yanke diyyar dala miliyan 289, ko da yake an zaftare ta ƙwarai daga baya. Irin wannan maganin ne manomanmu ke fesawa kowace damina, da yawansu babu safar hannu babu takunkumi.

Wanda ya san Zamfara ba zai raina irin wannan aiki ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Abare, kuma Bagega sai da ta yi ta jira har 2013 kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A Kano, ruwan majemun Sharada da Challawa da Bompai ya daɗe yana gangarawa cikin kogunan da ake ban ruwan lambu da su. Da muna da lauyoyi goma masu naci irin na Kennedy na wancan lokaci, da an ji amonsu a kotunanmu.

To amma me ya sa ya riƙa cin nasara a kan kogi? Saboda ya zo da hujjar da ake iya aunawa. Ga bututu, ga ruwa a kwalba, ga sakamakon gwaji, kowa na iya maimaitawa ya ga abin da ya gani. Wannan ma'aunin nake roƙon mu ɗauka mu ɗora maganganunsa na rigakafi a kai, kada mu rage masa, kada mu ƙara.

A 2005 ya wallafa wata maƙala a mujallar Rolling Stone da shafin Salon, yana zargin cewa wani sinadarin adana allura mai suna thimerosal ne ke jawo wa yara galahanga, kuma hukumomi sun ɓoye. Aka yi ta gyara kurakuran maƙalar, har a 2011 Salon ta janye ta gaba ɗaya. Shi wannan sinadari tun wajen 2001 an riga an cire shi daga alluran yara na yau da kullum a Amurka, amma yawan yaran da ake ganowa da galahanga bai ragu ba, ƙaruwa ma ya ci gaba da yi. Ɗaya zargin, wanda ya jingina galahanga ga allurar ƙyanda, ya samo asali ne daga rahoton wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, a 1998, kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar Lancet ta janye rahoton, hukumar likitocin Birtaniya kuma ta soke sunansa daga rajista. A ƙasar Denmark an bi diddigin yara sama da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka yi wa allurar ba su fi waɗanda ba a yi wa ba kamuwa da galahanga. An auna, an sake aunawa, a ƙasashe daban-daban, ba a ga gubar da ya ce tana ciki ba. Lauyan da ya gina sunansa kan gwajin ruwa ya kamata ya zama na farkon karɓar wannan sakamako. Shi kuwa sai ya ci gaba, ya jagoranci ƙungiyar Children's Health Defense, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa tsoron rigakafi a duniya.

Ku saurari abin da ya faru a Samoa, wata 'yar ƙasar tsibiri a tekun Pasifik mai mutane kusan 200,000. A Yulin 2018 jarirai biyu suka mutu jim kaɗan bayan allurar ƙyanda. Bincike ya gano ma'aikatan jinya biyu ne suka dama garin allurar da wani maganin saki-jiki da wa'adinsa ya wuce, maimakon ruwan da aka tanada. Kuskuren hannu ne, kuma kotu ta ɗaure su. Sai dai tsoro ya riga ya shiga gari, gwamnati ta dakatar da allurar tsawon watanni, yawan jariran da aka yi wa ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Cikin wannan hali Kennedy ya ziyarci ƙasar a Yunin 2019, ya gana da masu adawa da rigakafi. Kafin shekarar ta ƙare ƙyanda ta ɓarke. Mutane sama da 5,700 suka kamu, 83 suka mutu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Disamba gwamnati ta rufe ƙasar kwana biyu, aka ce duk gidan da ke da wanda ba a yi wa allura ba ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, ma'aikata suka bi gida-gida. Da allurar ta game jama'a, annobar ta kwanta. Kennedy ya musanta cewa yana da hannu a wannan musiba, kuma ni ba alƙali ba ne. Abin da ba mai musantawa shi ne, rashin allura ya buɗe wa cutar ƙofa, allura kuma ta rufe ta.

Dab da hawansa kujerar minista, ƙyanda ta ɓarke a Texas a 2025, yara biyu da ba a yi musu allura ba suka mutu, Amurka ta ga yawan masu cutar da rabonta da shi tun 1992. A watan Afrilu, bayan ya je ta'aziyyar ɗaya daga cikin yaran, shi da kansa ya rubuta cewa allurar ita ce hanya mafi inganci ta hana ƙyanda yaɗuwa. Ku riƙe wannan, domin duk wanda zai kawo muku sunansa a matsayin hujja ba zai faɗa muku shi ba. Duk da haka, a watan Yuni ya sallami dukkan masana 17 na kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan rigakafi. A cikin watan dai ya aika saƙon bidiyo ga taron Gavi a Brussels cewa Amurka ta dakatar da ba ƙungiyar kuɗi.

Nan ne maganar ta shigo gidanmu. Gavi ita ce ƙawancen da ke taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sayen alluran yara, Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana duk suna ciki, kuma kafin nan Amurka ta kasance tana zuba mata kimanin dala miliyan 300 a shekara. Da tallafin Gavi aka kawo allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, Nijeriya ta biyo a 2011. Dattawanmu sun san yadda sanƙarau ke yi da bazara kafin nan. A 1996 kaɗai ya kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Yau nau'in da allurar ta tunkara ya kusa ɓacewa daga yankinmu. Da tallafin Gavi kuma aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Na san abin da ke zukatan wasunmu, kuma ba zan raina shi ba. A cikin waccan annoba ta 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai mu tuna, Trovan magani ne da ake gwajinsa a lokacin, ba allurar rigakafi ba ce, kuma abin da ya ƙwato wa iyayen Kano haƙƙinsu shi ne kotu da hujja da naci. Gudun rigakafi bai ƙwato musu ko kwabo ba.

Gudun kuwa mun gwada shi, mun ga abin da ya haifar. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Kafin a farga, yaran da cutar ke shanye wa ƙafafu a Nijeriya sun tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Waɗancan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan keken guragu a titunanmu. 'Yan'uwansu mata da aka ɗiga wa maganin kuwa suna nan suna goyon 'ya'yansu. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan ɗigon foliyo tara a Kano, mata masu neman na cefane da lada. Sai da sarakuna da malamai suka tsaya da kansu kafin a ci ƙarfin cutar, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a ranar 25 ga Agustan 2020. Kuma ko yanzu ba a gama ba. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022 a Kano ya fi yin ɓarna, kuma yaran da ba su samu allura ba ya fi kashewa. Nijeriya na da yara sama da miliyan biyu da ko allura ɗaya ta jarirai ba a taɓa yi musu ba, mafi yawansu a Arewa.

Saboda haka ina kira. Uwa, ki ɗauko katin rigakafin jaririnki ki duba: ta ranar haihuwa, ta sati shida, sati goma, sati sha huɗu, ta ƙyanda a wata tara da ta wata sha biyar. Wadda aka tsallake, ba a makara ba, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kyauta ne. Maigida, a gidaje da yawa izininka kawai ake jira, ka bayar, in da hali ka raka su. In kana da tambaya ka yi ta a gaban ma'aikacin lafiya, haƙƙinka ne a nuna maka kwalbar, a faɗa maka sunan allurar da abin da kan biyo bayanta, kamar ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin. Malam, mumbarinka ya fi kowace rediyo isa zuciya. Ka tuna wa jama'a cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu. Samarin da ke riƙe da waya, duk bidiyon da aka turo muku da sunan wani babban Bature yana tsoratarwa kan allura, ku nemi hujjarsa kafin ku tura shi gaba, domin yana iya faɗawa hannun uwar da gobe ne ranar allurar ɗanta.

Gwamnoni da 'yan majalisa, ku ma da ku nake. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Tunda ran 'ya'yanmu ya koma rataye da ra'ayin minista ɗaya a Washington, lokaci ya yi da za ku saka kuɗin allura a kasafi, ku sake shi a kan kari, ku gyara firinjin da ake ajiye ta, ku biya ma'aikatan da ke ratsa daji da babur. Lauyoyinmu kuma, ga majemu, ga wuraren haƙar zinare, ga masu sayar da maganin feshi ba ƙa'ida. Ku ɗebi ruwan ku kai gwaji, ku shigar da ƙara, za mu tsaya muku. Mu kuma iyaye, ranar rigakafi ta wannan makon, kowa ya kai nasa.