Gyaren da ke cin harsashi

Ƴan uwa ɗalibai, akwai tambayar da wasu iyaye ke yi wa juna a Amurka kamar yadda namu ke tambayar lakwal ɗin da za a sa yaro: wace bindiga ta fi dacewa a fara saya wa ɗan shekara shida ko bakwai? Amsar da aka saba bayarwa ita ce mai lamba .22, wadda faɗin harsashinta wajen milimita 5,6 ne. Sai a shiga lissafi: ta zama marar nauyi, mai gajeren gindi daidai kafaɗar yaro, mai cin harsashi ɗaya tak, wadda ba ta shurin mai harbi. Da ba zan sa baki ba, ƙasarsu ce, dokarsu ce. To amma bidiyon yaran nan ya iso wayoyinmu, har a fada, ana kurɓar shayi, kana jin masu cewa: "Ka ga wayewa! Da haka muke renon ƴaƴa, da ɓarayin daji ba su raina mu ba." Da su nake.

A nazarin harshe muna koyon cewa tambaya takan haɗiye wata magana, ta wuce da ita ba a ankara ba. In na ce maka "yaushe ka daina sata?", ko me ka amsa, ka riga ka yarda ka taɓa sata. Haka "wace bindiga ta fi dacewa?" take. Ta riga ta haɗiye babbar tambaya: shin ya dace a ba yaro bindiga tasa ta kansa? Daga nan uba ba ya tunanin i ko a'a, launi da farashi kawai yake dubawa. Kalmar "ta farko" ma tana da nata aiki. Ba a cewa na farko sai in ana jiran na biyu.

Sai kalmar "ƙarama". Ƙarama a ina? Da harsashin .22 aka kashe Robert Kennedy a 1968. Da irinsa aka harbi shugaba Ronald Reagan a 1981, ya sha da ƙyar. Harsashi ne da ke iya tafiyar kusan kilomita 2 in an cilla shi sama. Ƙanƙantar ta tsaya ga awo, ba ta kai ga rai ba.

Dubi sunaye kuma. Wani kamfani na jihar Fensilbaniya, Keystone Sporting Arms, yana ƙera bindigar yara mai suna Crickett, wato gyare, da wata Chipmunk, sunan wata ƴar dabba dangin kurege. Takensu shi ne "bindigata ta farko". Akwai ruwan hoda, akwai shuɗiya, kamar takalman Sallah. A 2022 wani kamfanin ya fito da JR-15, ƙaramar kwaikwayon AR-15, tambarinta ƙoƙon kan jariri da robar tsotso a baki. Wallahi wanda ya zauna ya zana wannan ya san aikinsa. Ya san in ka sauya wa abu suna, ka sauya yadda hannu ke ɗaukarsa.

Ranar 30 ga Afrilu 2013, a wani ƙauye na jihar Kentaki, yaro ɗan shekara 5 ya ɗauki Crickett ɗin da aka yi masa kyauta, ya harbe ƙanwarsa ƴar shekara 2, ta mutu. An jingine bindigar a lungun ɗaki, ba a san da sauran harsashi a ciki ba. Wa za ka kama? Yaron da aka ce masa "taka ce"? Kuma ba labari ɗaya ba ne: a 2020 bindiga ta zarce hatsarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa ƴan shekara 1 zuwa 19 a Amurka.

Masu kare abin suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa bindiga ta riga ta cika gidaje, gara yaro ya koye ta gaban babba da ya tsince ta shi kaɗai. Suna cewa harbin .22 wasa ne har a gasar Olamfik. Gaskiya ne. Amma koyarwa daban, mallaka daban. Mai koyon harbi a fili, gaban malami, a ƙare a kulle bindiga a akwati, bai buƙatar gyare mai ruwan hoda a ɗakin kwana. Dokar tarayyarsu ma ta hana dillali mai lasisi ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba doguwar bindiga. To me ya sa ake auna ta da kafaɗar ɗan shekara biyar? Talla ta yaro ce, aljihu na uba. Da jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana tallata bindiga ga yara a 2022, kotu ta taka mata birki a 2023 da sunan ƴancin faɗin albarkacin baki. Kun ga ke nan, su kansu sun san a bakin magana ake yaƙin.

Wani zai ce: ai mu ma muna da maharba, kuma ɗan maharbi gado yake yi. Haka ne. Amma duba jerin. Da danƙo yake farawa, yana fafarar kurciya. Ya koyi tarko, ya koyi sawun dabba, ya riƙe wa uba burgami, ya sha rana da ƙishirwa shekara da shekaru. Bindiga ita ce ta ƙarshe, kuma babba ne ke yanke lokacin, ba mai kanti ba. Can kuwa kasuwa ta juya jerin: ta ƙarshe ta koma ta farko, don a samu mai saye tun bai fidda haƙoran nono ba.

Sannan ina muke zaune? Tun da Libiya ta wargaje a 2011 makamai ke malala cikin Sahel. Mutanen Madarumfa da Gidan Rumji sun san satar shanu da satar mutane. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi. Dan Allah, cikin wannan hali, yaran da suka iya harbi ne suka yi mana ƙaranci? Su ɓarayin dajin ma ai matasa ne da wani ya taɓa miƙa wa tasu bindigar ta farko. In ana rabon wuta a gari mai danni, ba a tambayar wace ashana ta fi dacewa da hannun yaro.

Ba sai mun je Kentaki ba. Kowace Sallah kasuwanninmu na cika da bindigogin roba masu harba ƴan ƙwallaye, irin da ke iya tsone ido, kuma mu yayye da kawunnai mu ne ke saye da kuɗin barka da Sallah, muna dariya ƙane na auna ƙanwa. Darasin ɗaya ne, kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Saboda haka in wani ya sake nuna maka bidiyon nan a fada yana yaba wayewa, kada ka shiga gardamar wace ce ta fi kyau. Mayar da shi ga tambayar da aka haɗiye. Bana kuma, in jaka biyu ta shigo hannunka za ka yi wa ƙane kyauta, balo na nan, littafi na nan.