Hayar ɗaki ga baƙon kwana biyu: Ma'aikaci ya san nauyin da ya ɗauka

A unguwannin Gwarinpa, Kubwa, Lugbe da Lokogoma, wata sana'a ta samu gindin zama a 'yan shekarun nan. Mai gida zai ware ɗaki ɗaya, ko ɗakunan baya da ake kira BQ, ya zuba gado da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗora hotuna a Airbnb ko Instagram, ya riƙa saukar da baƙi na kwana biyu ko mako guda. Cikin masu yin haka akwai ma'aikatan gwamnatin tarayya, kuma babu mai ganin laifinsu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Waɗanda suka sayi gidajen gwamnati a zamanin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, yau 'ya'yansu sun girma sun bar ɗakuna fayau. Abuja kuwa ba ta rabo da baƙi: mai neman biza, mai bin haƙƙinsa na fansho, mai jinya a Asibitin Ƙasa.

Sai dai masu tallata harkar suna nuna ta kamar kuɗi ne da ke shigowa mutum yana barci, alhali kakanninmu sun san ba haka take ba. A zamanin fataucin goro, fatoma ne ke saukar da fatake. Ya san sunan baƙonsa da garinsu, yana adana kayansa, idan kuma baƙon ya yi ɓarna shi ake tuhuma. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya buɗe wa baƙo ƙofa, wannan nauyin ya ɗauka.

Abu na farko da ya kamata ma'aikaci ya duba shi ne doka. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. An saba ɗaukar hayar shekara a matsayin cin moriyar kadara. Amma karɓar baƙi kullum, da talla, da wanki, da ɗaukar mai shara, ya fi kama da aikin otal. Wanda kuma shi ma ɗan haya ne, ya sake karanta yarjejeniyarsa, domin yawancinsu sun hana sanya wani a gidan ba da izinin mai shi ba.

Na biyu shi ne tsaro. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wata raɓar takan bar tabo. Gidan da ke da mata da yara ba wurin da za a miƙa mabuɗi ga wanda aka sani ta waya kawai ba ne. Ga hadiman ministoci da na 'yan majalisa abin ya fi haɗari, domin sukan koma gida da fayiloli da kwamfutar ofis. Dole ɗakin baƙo ya zama da ƙofarsa daban, a karɓi katin shaida mai lambar NIN, a rubuta ranar shiga da ta fita, a kuma sanar da maƙwabta.

Na uku shi ne lissafi. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma baƙon da ya biya kuɗinsa ba zai kashe na'urar sanyi don tausayin mai gida ba. Idan aka cire wuta, man janareta, ruwa, gyare-gyare da kwanakin da ɗakin zai zauna babu kowa, ribar takan koma kusa da ta hayar shekara.

Hukumomi ma suna da aiki a gabansu. Tun Satumban 2023 birnin New York na Amurka ya wajabta rajista ga masu ba da hayar ƙasa da kwana 30, tare da sharaɗin mai gida yana zaune a gidan kuma baƙi ba su wuce biyu ba. Hikimar ita ce bambanta mai ɗaki ɗaya da attajirin da ke kwashe gidaje daga kasuwar haya, wanda hakan ke tsauwala wa ƙananan ma'aikata, yana tura su Mararaba da Suleja. Ya dace Hukumar Babban Birnin Tarayya ta yi irin wannan bambancin da rajista mai sauƙi, ba da sabon haraji ko barazanar rusau ba. Ita kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta fito fili ta faɗi inda hayar kadara ta tsaya da inda kasuwanci ya fara, kafin a wayi gari an gurfanar da wani ƙaramin ma'aikaci saboda ɗaki ɗaya.

Kafin a kai ga haka, wanda ba zai iya ɗaukar nauyin fatoma ba, gara ya ba da ɗakin hayar shekara ga wanda ya sani, ya kwana da kwanciyar hankali.