Kyanwa a taminal: a yi wasa, amma a san abin da aka shigo da shi

Masu rubuta manhaja kan shafe sa'o'i a gaban taminal, wato baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni a rubuce. Yanzu wasunsu na saka 'yar dabba mai motsi a gefensa: kyanwa ko agwagwa da aka zana da haruffa, tana ƙifta ido, tana tsalle.

Ba mu ga laifin wannan ba. Aikin akwai kaɗaici, kuma tun 1996 Tamagotchi na kamfanin Bandai na Japan ya nuna cewa mutum na iya shaƙuwa da dabbar da ba ta da rai.

Sai dai an taɓa shan wuya. Clippy da Microsoft ya saka a Office 97 ya ishi mutane da katsalandan har aka cire shi. BonziBuddy kuwa, goggon birin nan mai surutu a allo, ya fi muni: a 2004 hukumomin Amurka suka ci tarar kamfanin da ya yi shi dala 75,000 saboda tattara bayanan yara.

A taminal haɗarin ya fi girma. Duk manhajar da ka kunna a can tana aiki ne da ikonka, za ta iya karanta fayilolinka har da makullan sirrin shiga sabar wurin aikinka.

Don haka kafin ka saka kyanwar, binciki wanda ya rubuta ta, ka duba ko tana aika bayanai waje, ka tabbatar za ka iya kashe ta da umarni ɗaya. Idan ɗaya daga ciki bai samu ba, haƙura da ita.