Bitar Kwamfuta da ke Barin Uwa a Ƙofa

Da zarar dogon hutu ya kama, sai tallan bitar kwamfuta ta yara ya cika Kano da Kaduna. A kama zauren otal, a jera na'urori, a yi ta bayani da Turanci zalla, iyaye kuwa su sauke 'ya'yansu a ƙofa su juya. Zane, in ma ya samu shiga jadawali, na cike gurbi ne kafin abinci ya iso.

Masu shirya irin wannan bita sun ɗauki aikin hannu wasa, alhali tarihin na'urar da suke tinƙaho da ita ya ƙaryata su. A farkon ƙarni na 19, Jacquard ya ƙera masaƙa a Faransa wadda katuna masu huji ke faɗa mata adon da za ta fitar, kuma daga gare ta Charles Babbage na Ingila ya ari dabarar bai wa injin lissafinsa umarni. Ashe saƙa na cikin kakannin kwamfuta.

Dubi mai saƙa faifai. Ja uku, baƙi biyu, a maimaita har zagaye ya cika. Mai ɗinkin hula ma ƙirga zare yake yi, in ya kuskure ɗaya adon ya karkace, dole ya koma ya nemo inda ya ɓata. Jeranta umarni, maimaitawa da farautar kuskure su ne ainihin abin da manhajar Scratch, wadda MIT ta fitar kyauta a 2007, ke koya wa yaro, kuma tana aiki ko babu intanet. Me zai hana a ajiye faifai kusa da kwamfuta, uwa ta warware ƙa'idar adonsa da Hausa, ɗiyarta ta sa na'ura ta zana shi?

Za a ce iyaye sana'ar zamani suka biya wa kuɗi. To, kwana biyar ba ya mai da ɗan shekara tara injiniya. Abin da kwana biyar ke iya dasa masa shi ne zaton cewa ilimi na zaune a otal, gidansu kuwa babu komai. Yawancin yaran nan ba su da kwamfuta a gida, don haka ranar da aka naɗe wayoyi darasi ya mutu. Wanda aka koya wa tare da mahaifiyarsa kuwa zai tarar da faifan a kan kwanon tuwo da daddare, ga kuma wadda za ta tambaye shi ja nawa ne a zagaye na huɗu.