Wa'azin da Jason Robinson ya gani kafin ya ji

'Yan'uwa matasa, yau za mu leƙa garin Wigan da ke arewa maso yammacin Ingila, inda ake ji da wasan zari-ruga irin na 'yan wasa 13 a kowane ɓangare. A can Jason Robinson, haifaffen birnin Leeds a 1974, ya yi suna. Gajere ne, amma gudunsa da kaucewarsa sun gagari masu tsaron baya. Yana ɗan shekara 19 ya fara buga wa Birtaniya a 1993. A 1995 aka zaɓe shi gwarzon wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley, a 1998 kuma ya sake zama gwarzo lokacin da Wigan ta doke Leeds da ci 10 da 4 a Old Trafford.

A ganina, abu mafi girma a tarihin wasansa bai shiga lissafin maki ba. Shi da kansa ya faɗi cewa a waɗannan shekarun na ɗaukaka giya ta mallake shi, har ya kai ga tunanin kashe kansa. Ga kuɗi, ga tafi, amma zuciya ba salama.

A 1994 Wigan ta ɗauko Va'aiga Tuigamala, haifaffen Samowa wanda ya buga wa Niyu Zilan. Kirista ne, kuma bai ɓoye ba. Bai bi Robinson da wa'azi a ɗakin sauya kaya ba, bai kuma kushe shi a gaban abokai ba. Robinson ya riƙa kallon mutumin da ba ya bin mashaya, amma ya fi kowa fara'a da kwanciyar rai. Abin ya dame shi, kuma daga nan hanyar tubarsa ta buɗe. Ya bar rayuwar maye, wasansa ya ɗore. A 2000 ya koma zari-ruga na 'yan 15, a 2003 kuma ya dire ƙwallo a bayan layi a wasan ƙarshe na Kofin Duniya, inda Ingila ta doke Ostareliya da ci 20 da 17.

Wani zai ce ai wannan tsoro ne, bishara sai da baki. Gaskiya ne sai an faɗa, kuma Tuigamala ya yi magana sa'ad da lokaci ya yi. Amma halinsa ne ya sa aka saurare shi. Da a ce yana wa'azi da rana, da dare kuma yana kan teburin giya ɗaya da su, wa zai kula?

Ga abin da ya shafe mu. A ajinku, a shagon da kuke koyon sana'a, ko a filin da kuke taka leda da yamma, akwai wanda kowa ke yabo alhali yana nutsewa. Wataƙila ba zai zo taron zumuntarmu ba, amma yana ganin yadda kuke yi in an ɓata muku rai, in kun faɗi jarrabawa, in aljihu ya bushe.

Tuigamala ya rasu a 2022 yana da shekara 52, Robinson kuwa yana cikin waɗanda suka yi ta'aziyya da godiya a fili. Mu roƙi Ubangiji ya ba mu halin da zai sa maƙwabci ya tambayi dalilin salamarmu, ya kuma ba mu amsa a ranar da ya tambaya. Amin.