Manoman Tubali Da Cutar Kwaikwayo

'Yan'uwa ɗalibai, na san akwai waɗanda za su yamutsa fuska su ce, ashe har lalacewa ta kai a ba wasan kwamfuta fili a mujallar ƙungiya? To, su daure su karanta. Wasan da nake magana a kansa, watau Minecraft, wani mutumin Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fito da shi a 2009. A 2014 Microsoft ta sayi kamfanin Mojang da ke da wasan a kan dala biliyan biyu da rabi, a 2023 kuma aka ba da sanarwa cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Duk wanda ya zaga ɗakunan kwana da dare ya san rabonmu a cikin wannan adadi ba kaɗan ba ne. Abin da ke cin sa'o'in ɗalibi, da kuɗin datarsa, da ɗan cajin da ya samu kafin a ɗauke wuta, ya cancanci a yi maganarsa da gaske.

Ga wanda bai taɓa wasan ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Duniya ce ta tubala, mutum ya haƙa, ya gina, ya yi yaƙi da dodanni. In ya kashe dodo, sai waɗansu ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli su zubo, su ne makin ƙwarewa. Maki na taruwa ya zama mataki, da mataki kuma ake biyan kuɗin sa wa takobi ko diga ko sulke sihiri, da shi ake gyara su a uwar maƙera. Gonar maki kuwa gini ne da ake tsarawa don dodanni su riƙa fitowa a wuri ɗaya, ruwa ya kwashe su zuwa gaban mai gona, ya kashe su ba tare da ya sha yawon daji ba.

Akwai wata ƙungiya ta masu tsarkin kai da ke cewa gina irin wannan gona ha'inci ne, wai jarumi na gaskiya sai ya bi kogo kogo da takobinsa. Ba zan ɓata tawada a kansu ba. Wanda ya haƙa rijiya a gidansa bai ha'inci mai zuwa rafi ba. Ƙa'idodin wasan ne suka ba da dama, mai hankali ya lura da su ya mora.

Faɗana da waɗansu ne dabam, kuma su ne suka fi yawa a cikinmu. Su ne masu buɗe bidiyo a YouTube, su ga wani Bature ya gina gona mai hawa ashirin, su tsayar da hoton, su aza tubali, su sake kunnawa, su sake tsayarwa, har kwana uku. In ka tambayi ɗayansu me ya sa ramin nan ya kai zurfin tubali 22, me ya hana shi tsayawa a 15, sai ya ce haka mai bidiyon ya yi. Wannan ita ce cutar da muka sani a ɗakin lacca, ta haddace takardar malami a zubar da ita ranar jarrabawa, ga ta ta biyo mu har wurin wasa. Abin takaici ma, wasan nan kusan shi kaɗai ne wurin da babu mai tilasta mana hadda, amma muka ɗauko ta da kanmu.

Bari mu fara da lissafi, domin nan ne jahilcin ya fi yin ɓarna. Daga babu zuwa mataki na 1 maki 7 ne kawai. Daga mataki na 30 zuwa na 31 maki 112 ne. Watau matakan ba daidai suke ba, kowane na gaba ya fi na baya tsada. Jimillar abin da ake bukata don a kai mataki na 30, inda teburin sihiri mai kantar littattafai 15 ke ba da mafi girman sihirinsa, maki 1,395 ne. Amma tun daga gyaran da aka yi wa wasan a 2014, in mutum ya yi sihirin, mataki uku kawai ake zare masa, tare da dutsen lapis uku. Ya sauko ke nan daga 30 zuwa 27, komawarsa 30 kuwa maki 306 ne.

To, dubi abokinmu mai tara mataki don a gani. Ya tsaya a gonarsa har ya kai mataki na 50, yana ta nuna wa mutane lambar. Ya je teburin sihiri, an zare masa mataki uku kamar kowa, ya koma 47. Sihirin da ya samu bai fi na mai mataki 30 da ƙwayar zarra ba, amma kafin ya koma 50 sai ya tara maki 822. Ya biya kusan ninki uku a kan haja iri ɗaya, yana kuma taƙama da hakan! Ranar da ya faɗa wuta ya mutu, abin da zai zubo daga jikinsa wanda zai iya komawa ya tsinta ba ya wuce maki 100, ko da mataki nawa ya tara. Sauran ya bi iska. Wanda ya san wannan lissafi, da ya kai 30 sai ya kashe, ya sake tarawa. Mai wannan ɗabi'a da ƙaramar gona ya fi mai katafariyar gona da ba ya lissafi cin riba.

Yanzu ga tambayar da masu kwaikwayo ba su taɓa yi wa kansu ba: maki nawa nake bukata? A cikin kogunan wasan ana samun wani keji da ke haifar da dodanni, ko zombi ko ƙwarangwal ko gizo-gizo. A bugun Java, kejin yana aiki ne muddin ɗan wasa na cikin tazarar tubali 16 daga gare shi, yana kuma ƙoƙarin fitar da dodanni har huɗu bayan kowane daƙiƙa 10 zuwa 40. A ɗauki tsaka-tsaki, daƙiƙa 25. Zombi ko ƙwarangwal maki 5 yake bayarwa. In komai ya tafi daidai, dodanni 576 ke nan a awa, maki 2,880. Ko da an rage wani abu don ba kullum huɗun ke fita ba, awa guda a gaban wannan keji ta isa a yi sihiri mafi girma sau bakwai ko takwas. Sulke gabaɗaya guda huɗu ne. A haɗa da takobi da diga da baka, an gama. Ginin bai wuce na yammaci ɗaya ba, kayansa kuwa bokitin ruwa ne da duwatsun da ke zube ko'ina. Me ya kai ɗalibin da ke da jarrabawa mako mai zuwa ga gina gona mai fitar da maki dubu goma-goma, in ba son a ce ya yi ba?

Kuma wannan ƙaramar gona ita ce makarantar gaskiya, don duk ƙa'idodin suna cikinta. Me ya sa 22? Domin faɗuwa tana rage lafiya da adadin tubalan da aka faɗo a cire uku. Lafiyar zombi 20 ce. Ya faɗo 22, ya rasa 19, saura ɗaya, ko naushi ya isa ya ƙarasa shi. Me ya sa ba a bar shi ya faɗo 23 ya mutu da kansa, a huta? Domin wasan ba ya zubar da maki sai in ɗan wasa ne, ko kyarkecinsa na gida, ya taɓa dodon gab da mutuwarsa. Dodon da rami ya kashe kayansa kawai yake bari. Ga kuma wata 'yar matsala mai daɗin warwarewa: ana son faɗuwar tubali 22, amma ba a son mai gona ya wuce tubali 16 daga keji. Yaya za a yi? Sai a fara ɗaga dodannin sama da keji da ruwa mai tashi, su faɗo su wuce shi zuwa ƙasa, mai gona na tsaye a wurin da bai fita daga da'irar ba. Sannan dole a kwashe su daga gefen kejin da sauri, domin in shida irinsu suka taru a kusa da shi sai ya daina haihuwa. Wanda ya zauna ya gano waɗannan da kansa, ko ya karanta ya gane dalilinsu, zai iya gina gona a kowane irin kogo ya samu kansa. Wanda ya haddace hoto, in kogonsa ya bambanta da na mai bidiyo da tubali biyu, sai ya tsaya yana zare ido.

Haka abin yake a manyan gonaki waɗanda ba su dogara da keji ba. A bugun Java dodo ba ya fitowa a cikin tazarar tubali 24 daga ɗan wasa, wanda ya wuce 128 kuma nan take yake ɓacewa. Akwai kuma iyaka, dodanni 70 a kewayen mutum ɗaya. In kogunan da ke ƙarƙashin gonarka duhu ne, dodanni za su cika su, adadin ya cika, gonar da ka sha wahalar ginawa ta zauna fayau. Shi ya sa masu ilimin abin ke gini can sama a kan teku, ko su bi koguna suna dasa fitilu. Shi ya sa ake gina gonar endaman nesa da babban tsibirin duniyar Ƙarshe, a sararin da babu wata ƙasa sai wadda ka shimfiɗa. Na sha ganin wanda ya kwafi gini tubali da tubali, ya dasa shi a tsakiyar fili mai koguna, ya dawo yana zagin mai bidiyo wai maƙaryaci ne. Wani ma bugun Bedrock yake wasa a wayarsa, ya kwafi ginin Java, bai san dokokin fitowar dodanni a bugun biyu ba ɗaya ba ne.

Da a ce kansu kaɗai suke cuta, da na yi shiru. Amma da yawa daga cikinmu a saba ɗaya muke wasa, wadda muka yi karo-karo muka kama. A tamu, wani ɗan'uwa ya gina gona ya tsaya a gabanta, ya bar kwamfuta kunne ya tafi barci, wai kafin safe dodanni sun taru. Wasan yana tafiya ne da bugu 20 a kowace daƙiƙa, in nauyi ya yi yawa sai bugun ya ragu, kowa ya ji a jikinsa. Daren nan sauranmu mun haƙa tubali yana dawowa, mun buɗe ƙofa tana jinkiri, wata 'yar'uwa ta rasa kayan da ta yi mako tana tarawa don wasan ya daskare tana bakin wuta. Abin dariyar kuma, shi mai barcin bai samu abin da ya nema ba. Tun 2016 akwai ƙa'ida a bugun Java cewa in halittu suka wuce 24 a cunkushe a wuri ɗaya, sai su fara mutuwa da kansu, mutuwar da ba ta ba da maki. Ya ƙona wutarsa, ya cinye datarsa, ya hana mutane sakat, ya tashi da safe ya tarar da dodanni ashirin da 'yan kai. Da ya san ƙa'idar da minti goma sun ishe shi. Wa zai biya wa waccan baiwar Allah kayanta?

Akwai kuma abin da masu hadda ba sa so a tuna musu: wasan yana canzawa. A 2020 aka gyara kamun kifi, aka ce taska ba ta fitowa sai a buɗaɗɗen ruwa, gonakin kamun kifi na cikin ɗan rami suka rasa amfaninsu. A 2021 aka mayar da fitowar yawancin dodanni sai wurin da babu hasken fitila ko kaɗan, alhali a da ko da ɗan haske suna fita. A 2025 aka toshe wata tsohuwar kafa da ke sa dodanni masu kan alade na duniyar Neda su zubar da maki ko ba ɗan wasa ne ya kashe su ba. Kowane karo sai ka ji kuka ya tashi, wai an lalata wasa. Waɗanda suka san dalilin kowane tubali a gininsu kuwa sai su duba abin da ya canza, su gyara kusurwa ɗaya, su ci gaba. Bidiyon da ka haddace yana da ranar da aka ɗauke shi, kai kuma ko dubawa ba ka yi ba.

Za a ce mini, ai kallon aikin gwanaye ba laifi ba ne. Na yarda, ni ma ina kallo, kuma akwai masu bidiyo da ke bayyana dalilin kowane abu, su ya kamata a nema. Na kuma yarda akwai lokacin da babbar gona ke da hujja. Wanda ya sa wa kayansa sihirin gyaran kai, wanda wasan ke kira Mending, aka kuma shigo da shi a 2016, kowane maki ɗaya yana mayar masa da ƙarko biyu. In yana haƙar tubali dubbai don wani babban gini, bukatarsa ta maki ba ta yankewa, gonar endaman ta dace da shi. Amma shi wannan ya fara da bukata ne, ya lissafa, sannan ya zaɓi gini. Kwaikwayon da nake suka shi ne na wanda ya fara da gini, daga baya yake neman abin da zai yi da makin.

Saboda haka ina kira ga masu kula da sabobin ɗalibai su kafa doka biyu. Ta farko, duk gonar da za a gina a filin kowa da kowa a sa mata makunni, wanda ya gama ya kashe, kuma kada a bar mutum tsaye a gaban gona alhali yana barci a gadonsa. Ta biyu, kafin a ba kowa izinin gina babbar gona, ya tsaya gaban 'yan'uwa ya faɗi maki nawa yake bukata a mako, ya kuma bayyana dalilin zurfin raminsa da dalilin wurin da ya zaɓa. Wanda ya kasa, a ba shi bokitin ruwa biyu, a nuna masa kejin ƙwarangwal mafi kusa, ya fara daga can.