Daga Taskar Anti: Ƙofar Nassarawa, Unguwarmu

Rannan na tambayi ƙanwata 'yar aji uku inda sunan unguwarmu ya samo asali, sai ta yi min wiƙi-wiƙi da ido. Wallahi na ji kunya, don nan aka binne mata cibiya.

To ku saurara. Ƙofar tana gabas da birni, jikin ganuwar da Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ginawa. Idan kin fita ta cikinta kin miƙe, za ki isa Nassarawa, inda gidan sarki yake. Can aka binne Sarki Abdullahi Bayero a 1953, da ɗansa Ado Bayero a 2014. Hawan Nassarawa kuwa, wace ce ba ta taɓa cin kwalliya ta je kallo ba? Ni kam har takalmi na taɓa yarwa a turmutsutsu, Inna ta yi ta faɗa.

Abin da ke ci min rai shi ne badalar da muka yi wasa a kai. Ruwan sama ya zaizaye, mutane sun haƙe, ga gadar sama ta mulkin Kwankwaso na biyu (2011-2015) ta sauya fuskar wajen gaba ɗaya. Ƙanwata ba ta ma san inda badalar take ba. Ranar Asabar zan ja hannunta mu je.